Juya Waƙa Don Ƙaramar Na'ura: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ingancin Sauti

Tambayoyin nan su ne nake ji kusan kullum daga bakin masu kawo memori a zuba musu waƙa ko karatu ko wa'azi, don su sa a ƙaramar na'urar MP3, ko rediyo mai cin memori, ko sifikar mota. Wasu amsoshin gajeru ne domin maganar ba ta da tsawo. Wasu kuwa sai an ɗan zauna.

Na juya waƙa zuwa MP3 don ta yi a na'urata, sai na ji kamar sautin ya dushe. Kunnena ne ko da gaske ne?

Da gaske ne, in dai fayil ɗin da ka juya shi ma matsattse ne tun farko. MP3 da AAC, wanda ka fi sani da M4A, da WMA da Ogg Vorbis da Opus duk 'yan gida ɗaya ne. Kowannensu yana rage girman fayil ne ta hanyar yin asarar wani abu daga sautin, kuma abin da ya tafi ya tafi ke nan. Idan ka ce wa manhaja ta mai da M4A ya zama MP3, ba suna kawai take canza masa ba. Sai ta warware shi ya koma ɗanyen sauti, sannan ta sake matse shi da wata dabara daban. An yi asara a matsin farko, an ƙara wata a na biyu.

Amma raguwa daban, jin raguwar daban. Idan fayil ɗin farko mai kyau ne, aka kuma juya shi sau ɗaya tak da ma'auni mai yalwa, wato aka ba sabon fayil ɗin isasshen wuri, mutane da yawa ba za su ji komai ba, balle a cikin hayaniyar tasha. Inda abin yake fitowa fili shi ne in asalin da ma a rame yake, ko an juya an sake juyawa.

Me ake zubarwa daga cikin waƙar har ta ƙanƙance haka?

Bari mu fara da lissafi. Faifan CD yana ɗaukar ma'aunin sauti sau 44,100 a kowane sakan, kowane ma'auni da bit 16, a hannu biyu, hagu da dama. In ka ninka su za ka sami kilobit 1,411 a sakan, wato kusan megabait 10 a minti guda. MP3 mai 128 kuwa, wato mai kilobit 128 a sakan, bai kai megabait ɗaya cikakke a minti ba. An rage kusan kashi goma cikin sha ɗaya ke nan, amma waƙar tana nan ana jin ta. Ta yaya?

Dabarar ta dogara ne da raunin kunnen ɗan Adam. Idan ana buga tambari kusa da kai, wani ya yi maka raɗa, ba za ka ji shi ba, ko da yake raɗar tana nan a cikin iska. Babban sauti yana danne ƙaramin da ke maƙwabtaka da shi, har ma na ɗan ƙiftawar ido bayan babban ya wuce. Masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus, ciki har da Karlheinz Brandenburg, a kan wannan suka gina MP3, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 1993, aka kuma raɗa masa sunan da muka san shi da shi a 1995.

Akwai abin da mutane ba su cika ganewa ba, alhali shi ne mabuɗin duk maganar. Manhajar matsi ba tsince wasu sautuka kawai take yi ta jefar ba. Mafi yawan aikinta shi ne rubuta sautin a gurguje, da ƙiyasi, kamar mai awon hatsi da yake cewa "kusan mudu uku" maimakon ya tsaya ƙirga ƙwaya. Wannan ƙiyasin yana haifar da 'yar ƙura a cikin sautin. Gwanintar manhajar ita ce ta tura ƙurar ƙarƙashin manyan sautuka, inda kunne ba zai kama ta ba. Ban da haka, takan datse siraran sautuka na can sama. Kunne lafiyayye na yaro yana iya ji har kusan 20 kHz (kHz awon sirantar sauti ne, yawan lamba yawan siranta), yana raguwa da shekaru, kuma MP3 mai 128 yawanci a wajen 16 zuwa 17 kHz yake tsayawa.

To me ya sa juyi na biyu ya fi na farko ɓarna?

Saboda manhaja ta biyu ba ta san abin da ta farko ta yi ba. Ƙurar nan da aka ɓoye da wayo, ita a wurinta kiɗa ce. Sai ta ɓata wani kaso na ɗan wurin da aka ba ta wajen adana ƙurar, sannan ta zuba tata ƙurar a kai. Maɓoyar da ta ishi ƙura ɗaya ba ta isar biyu. Sai ta fara leƙowa.

Kuma kowane tsari yana da nasa salon yanka sauti. MP3 yana gutsuttsura shi gida-gida, kowane gida da ma'auni 1,152, wato kusan kashi ɗaya cikin arba'in na sakan. AAC nasa gidajen daban ne. Ko MP3 zuwa MP3 ka juya, da wuya gidajen su faɗa daidai kan juna, domin kowane matsi yana ɗan ƙara shiru a farkon fayil. Saboda haka ƙiyasi na biyu ba ya bin sawun na farko, sabon kuskure yake yi a sabon wuri.

Wanda ya taɓa kai fotokwafin takardar makaranta aka sake yi mata fotokwafi ya san abin. Ta farko ana karantawa lafiya. Ta uku hatimin ya fara zama baƙin tabo.

In na ɗauki MP3 mai 128 na juya shi zuwa 320, ai ya gyaru ko?

A'a. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zuwa, kuma amsarta ba ta canzawa. Ka juye mudu ɗaya na gero a cikin babban buhu, gero bai ƙaru ba, buhu ne kawai ya cinye maka wuri a ɗaki. Fayil ɗin zai ninka girmansa sau biyu da rabi, sautin kuwa in bai ɗan ragu ba to bai ƙaru ba. Lambar 320 tana faɗin yawan wurin da aka tanada ne, ba ta yi maka alƙawarin abin da aka zuba a ciki ba.

Idan na mai da shi FLAC ko WAV fa? Na ji an ce su ba sa asara.

Gaskiya ne ba sa asara, amma kuma ba sa mayar da abin da ya ɓata. WAV ɗanyen sauti ne ba matsi. FLAC, wanda Josh Coalson ya fitar a 2001, yana matsewa ne kamar yadda ake ninke tufafi a akwati: an rage wuri, amma in ka warware komai yana nan daidai. Yakan mai da fayil wajen rabin girman WAV ko sama da haka kaɗan. Idan ka zuba MP3 a cikin FLAC, za ka sami ainihin sautin MP3 ɗin nan, da duk lahaninsa, a fayil mai nauyi sau biyar ko shida.

Wuri ɗaya wannan yake da amfani: in za ka yi wa sautin aiki, kamar yanka da haɗi da gyara a matakai da yawa. Sai ka riƙe shi a WAV ko FLAC har ka gama, ka matse sau ɗaya a ƙarshe.

Na'urata MP3 kaɗai take karantawa, fayilolina kuma M4A ne da Opus. Yaya zan yi?

Da farko ka gwada kafin ka juya. Na'urori da yawa suna karanta abin da ba a rubuta a kwalinsu ba, musamman WMA da WAV, wasu har da M4A da FLAC. Zuba fayil ɗaya na kowane iri a memori ka gani. Minti biyar ne, zai iya hutar da kai aikin kwana guda.

Na biyu, ka nemi tushe mafi tsabta. In kana da faifan CD na waƙar, ko FLAC, ko wanda ya yi rikodin ɗin yana da WAV a kwamfutarsa, daga nan za ka yi MP3 ɗinka, ka bar M4A ɗin a gefe.

In babu ko ɗaya, to juya, ba haramun ba ne. Waƙar da ta ɗan ragu amma kana jin ta ta fi wadda take kwance a kwamfuta. Sai dai ka kiyaye abu uku. Ka juya sau ɗaya daga fayil ɗin asali. Ka ba sabon fayil ɗin wuri fiye da na tsohon: M4A mai 128 ka mai da shi MP3 mai 192 ko kusa da haka, ba don ya gyaru ba, sai don matsi na biyu ya sami sararin da ba zai ƙara ɓarna mai yawa ba. Sannan, don Allah, kada ka goge na asalin.

Wannan na ƙarshe da kaina na koye shi. Shekarun baya, lokacin memori yana tsada, na taɓa matse wani tarin tsofaffin waƙoƙin gargajiya zuwa 64 don su shige ƙaramin kati, na goge manyan don wuri ya samu a kwamfuta. A 'yar sifikar da nake amfani da ita a lokacin ban ji wani bambanci ba. Sai da na sa su a sifika mai kyau na ji kalangu yana fita kamar ana kaɗa shi a cikin randa. Wasu daga cikinsu har yau ban sake samun mai tsabta ba.

Wace manhaja ce ta fi dacewa da juyin?

In MP3 za ka yi, ka nemi wadda take aiki da LAME a cikinta, domin shi ne injin matsa MP3 da aka fi gogewa, kuma kyauta ne. Audacity da fre:ac da foobar2000 da ffmpeg duk suna iya aiki da shi. Wanda ba ya tsoron rubuta umarni, wannan layin ya isa:

ffmpeg -i waka.m4a -c:a libmp3lame -q:a 2 waka.mp3

Shafukan intanet masu juya fayil kyauta, da tarkacen manhajojin waya masu cike da talla, ba duka ne marasa kyau ba. Matsalarsu ita ce ba ka san abin da suke yi a ciki ba, wasu ma ba sa tambayarka ma'aunin da kake so.

Wane ma'auni zan zaɓa, kuma waƙa nawa memori zai ci?

A ɗauki waƙa mai minti 4. A 128 za ta ci wajen megabait 3.8, a 192 wajen 5.8, a 320 kuwa 9.6. Memori mai gigabait 8 zai ɗauki waƙoƙi kusan 2,000 a 128, kusan 1,300 a 192, kusan 800 a 320. Ka tambayi kanka tsakani da Allah ko kana sauraron waƙa 800 a wata.

Ra'ayina: yanzu da memori ya yi araha in aka kwatanta da da, babu dalilin sauka ƙasa da 128 a kiɗa. Daga tushe mai tsabta, 192 ya wadatar da kusan kowa a kusan kowace na'urar aljihu. 320 ba laifi ba ne in wuri ya yalwata, amma yawancin masu rantsuwa da shi ba za su iya bambance shi da 192 ido a rufe ba.

Na ga an rubuta CBR da VBR. Wanne ne nawa?

CBR yana ba kowane sakan wuri iri ɗaya, ko shiru ne ko ganguna goma ne ke tashi. VBR yana rabo da hankali: ya tsuke inda sauti yake da sauƙi, ya saki hannu inda ya cakuɗe. A girman fayil iri ɗaya VBR ya fi kyau. A LAME, matakin VBR da ake kira V2 yakan faɗa wajen 190, V0 kuma wajen 245.

Sai dai wasu tsofaffin na'urori da rediyoyin memori masu araha VBR yana rikita su. Za ka ga waƙar minti 4 an nuna minti 11, ko ka matsa gaba ta yi tsalle zuwa wani wuri. In taka tana haka, koma CBR 192 ka huta.

Na ciro waƙa daga YouTube, shafin ya ce MP3 320 ne. Na dace ko?

Ba ka dace ba, buhun nan ne da mudu ɗaya. Sautin da YouTube yake ba mai kallo na yau da kullum AAC ne ko Opus, yawanci tsakanin 128 da 160. Shafin ya ɗauki wannan ne ya hura shi. Ka kuma tuna cewa wanda ya ɗora bidiyon wataƙila daga MP3 ya haɗa shi, manhajar haɗa bidiyo ta matse, YouTube ya sake matsewa, naka ya zama na huɗu.

In kana da bidiyo a hannu, kuma na'urarka tana karanta M4A, akwai hanyar zare sautin ba tare da an taɓa shi ba, kamar a zare takarda daga ambulan:

ffmpeg -i bidiyo.mp4 -vn -c:a copy sauti.m4a

Kalmar copy ɗin nan ita ce sirrin. Ba a warware komai ba, ba a sake matsewa ba. Batun haƙƙin mawaƙi kuwa magana ce mai zaman kanta, kuma mai sana'ar tura waƙa ya san ba ƙarama ba ce.

Yawan tura waƙa daga waya zuwa waya yana cinye ta?

A'a. Wannan tunanin daga zamanin kaset muka gaje shi, lokacin da kowane kwafi yake fin na bayansa shuu. Fayil ba haka yake ba. Ka tura shi ta Xender, ko ta Bluetooth a matsayin fayil, ko ta kebul, ko ka cire memori ka sa a wata waya, sau dubu, lambobin da ke ciki ba sa canzawa. Kwafi ba juyi ba ne.

Inda ake samun ɓarna shi ne hanyoyin da suke sake matsewa a ɓoye. Waƙar da aka ɗora a sitatus na WhatsApp a matsayin bidiyo an matse ta. Wadda aka kunna a sifika aka ɗauka da saƙon murya ta fi kowace shan wahala, domin saƙon murya Opus ne mai ƙaramin ma'auni da aka tsara don magana, ga kuma amon ɗaki da kukan awaki sun shiga. In kana son fayil ya isa yadda yake, tura shi a matsayin dokumen.

Sauraro ta sifikar Bluetooth kuma wani abu ne daban da tura fayil. A nan wayar tana sake matse sautin nan take kafin ta watsa shi, galibi da tsarin SBC, wanda a mafi kyawunsa yake kaiwa wajen 328. Fayil ɗinka bai canza ba, amma abin da ya iso kunnenka ya bi ta matsi biyu. A aikace wannan ba ya cika damun kowa, sai dai yana ƙara nuna amfanin fara tafiya da fayil mai tsabta.

Karatun Alƙur'ani da wa'azi da tafsiri fa, su ma sai 192?

Ba sa bukata. Muryar mutum ɗaya ba ta da cunkoson da kiɗa yake da shi, kuma ba ta bukatar hannu biyu. Ka mai da shi mono, MP3 mai 64, daga tushe mai kyau: zai fita tas, awa guda tana cin ƙasa da megabait 29. Karatun awa 30 bai kai gigabait ɗaya ba ke nan.

Amma kada a zarce. In aka sauka 32 ko 24 a MP3, haruffa masu siririn sauti su ne suke fara tafiya. Sin da shin da sad sukan fara kama da juna, fa da sa mai ɗigo uku su rikice. Ga mai sauraron wa'azi wannan ƙaramin abu ne. Ga yaron da yake bin karatu don ya gyara mafitar haruffa ba ƙarami ba ne, domin abin da ya ji shi zai maimaita. Karatun da aka ɗauka a masallaci mai amsa-kuwa shi ma ya fi son a ɗan ƙara masa wuri, a kai shi 80 ko 96.

Tsofaffin rikodin na ƙananan wayoyi masu ƙarewa da AMR ko 3GP kuwa, nasu ya riga ya ƙare tun ranar ɗauka. AMR na asali bai wuce kilobit 12.2 ba, kuma faɗin muryar kiran waya kawai yake riƙewa. Ka juya shi MP3 mono mai 48 ko 64 don ya kunnu, kada ka sa ran wani abu fiye da haka.

Yaya ɓarnar take a kunne? Me zan saurara?

Ba a ƙarfin sauti take ba, kuma ba kasafai take taɓa kaurin ganga ba. A sama take zama. Saurari tafi, da kacau-kacau, da 'yan ƙarafan jikin mandiri, da harafin "s" a bakin mawaƙi. In matsi ya yi yawa sai su zama kamar ana wasa da ruwa a kwano, wani walwali marar daɗi. Tafin jama'a yana cikin abubuwan da suka fi ba injin matsi wuya, shi ya sa rikodin na dandali da na biki suke saurin lalacewa.

Alama ta biyu tana wurin bugu mai kaifi, kamar sandar kalangu ko tsinken kuntigi. Maimakon bugun ya fito tsaf, sai ka ji wata 'yar shuu ta riga shi da ƙiftawa, domin ƙurar matsi ta bazu cikin gidan gaba ɗaya har ta rigayi bugun. Goge da algaita kuwa sukan ɗauki wata rawa-rawa da ba makaɗin ne ya yi ta ba.

In kana son ka san gaskiyar kunnenka, akwai gwajin da ake kira ABX, kuma foobar2000 yana da ƙarin da yake yin sa. Za a ba ka fayil biyu, a ɓoye maka na uku, ka faɗi wanne ne a cikin biyun, sau goma sha shida. In kana cin rabi kana faɗuwa rabi, to caca kake yi, ba ji ba. Gwaji ne mai karya girman kai. Na sha ganin mai cika baki a kan 320 ya tashi yana sosa ƙeya.

Akwai yadda zan gane 320 na bogi?

Akwai alama, ko da yake ba hujja ce yankakkiya ba. Wata ƙaramar manhaja mai suna Spek tana zana hoton sautin fayil, daga kauri a ƙasa zuwa siriri a sama. MP3 mai 320 na gaskiya da aka yi daga CD yakan kai wajen 20 kHz. In ka ga fayil ya ce 320 amma hoton ya yanke ƙat a 16 kamar an sa reza, to kusan tabbas daga 128 aka hura shi.

Ka yi hattara da tsofaffin rikodin. Waƙar da aka ɗauka daga gidan rediyon FM ba za ta wuce 15 kHz ba ko da wane ma'auni aka adana ta, ta kaset ma sau da yawa ba ta kai nan ba. Bambancin shi ne nasu a hankali yake dusashewa, ba yankan reza ba.

Ina son in ƙara wa waƙa ƙarfi, ko in yanke surutun farkonta. Sai na sake matsewa?

Ba dole ba. In ka buɗe MP3 a Audacity ka yanke ka sake fitar da shi MP3, juyi ne cikakke da asararsa. Amma mp3DirectCut yana yanka MP3 a kan iyakar gidajensa ba tare da ya warware shi ba. MP3Gain kuma yana ɗaga ƙarfi ko ya sauke shi, mataki-mataki na desibel ɗaya da rabi, shi ma ba tare da sake matsi ba. Shi ne maganin memorin da waƙa ɗaya take raɗa, ta gaba ta fasa kunne.

Shawarata ita ce a daidaita su ta hanyar sauke masu ƙara, ba ɗaga marasa ƙarfi har ƙarshe ba. Sauti yana da rufi. In ya buge shi sai kan igiyar sautin ya yanke, ka ji tsatsa da ƙarar yagewa, kuma wannan ya fi duk wata ɓarnar matsi muni. Yawancin waƙoƙin situdiyo na yanzu da ma a manne da rufin ake fitar da su, har juyi kaɗai yakan sa su ɗan fasa.

AAC ya fi MP3? Opus fa?

A ƙaramin ma'auni, ƙwarai. AAC ya fito a 1997 don ya gaji MP3, kuma shi kantin iTunes na Apple ya ɗauka a 2003. Opus, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa a 2012, ya fi su duka iya zama a wuri ƙanƙani. Daga 192 zuwa sama tazarar takan rufe. Abin da MP3 ya fi su da shi ɗaya ne, amma babba: babu na'urar da ba ta san shi ba, daga rediyon mai shayi har motar haya. Haƙƙin mallakar fasaharsa ma ya ƙare a 2017.

Wannan fifikon yana aiki ne kawai in daga tushe mai tsabta aka yi su. Juya MP3 zuwa AAC don "AAC ya fi kyau" asara ce zalla.

Ina da tsofaffin kaset na mahaifina. Yaya zan mai da su fayil ba tare da na ɓata su ba?

Kada ka kanga waya a bakin sifika. Nemi rikoda mai lafiya, ka goge kanta da auduga da sifirit, ka haɗa kebul daga mafitar sautinta zuwa kwamfuta, ka ɗauka da Audacity a WAV, 44,100 da bit 16. Ka sa ido kada ma'aunin ƙarfi ya taɓa ja. Wannan WAV ɗin, ko FLAC ɗinsa, shi ne dukiyar. Ka ajiye shi wuri biyu, domin kaset ɗin ba lallai ya jure wani zagayen ba. Daga shi za ka riƙa yin MP3 na yawo.

Shuu ɗin kaset yana cin wuri a matsi, domin injin bai san shara ba ce, saboda haka kada ka matse shi ƙasa sosai don kawai tsoho ne. Wajen cire shuu ɗin kuma a bi a hankali. In aka cika hannu, muryar takan koma kamar daga ƙarƙashin ruwa take fitowa, gara shuu ɗin da ita.

Waƙoƙin suna tsinkewa ko su ƙi buɗewa a na'urar. Juyin ne ya jawo?

Da wuya. Matsi yana dusar da sauti ne, ba ya sa waƙa tsalle. Ka fara zargin memorin. Akwai na jabu da yawa a kasuwa, an rubuta gigabait 32 a jiki alhali cikinsa bai kai haka ba: zai karɓi fayiloli kamar gaske, sai waɗanda suka wuce ainihin cikinsa su lalace. Manhajar H2testw tana cika kati ta karanta shi ta faɗa maka gaskiyar girmansa. Sannan ƙananan na'urori da yawa ba sa karanta katin da ya wuce gigabait 32, ko wanda ba a yi masa fomat da tsarin FAT32 ba. Wasu kuma sunan fayil ne yake shaƙe su: in ya cika tsawo, ko yana da ƙ da ɗ da ɓ, sai su nuna akwatuna ko su tsallake shi. A irin wannan na'urar rubuta sunan da k da d da b, ka bar masu lanƙwasa a kwafin da ke kwamfuta.

Na bi duk wannan, amma har yanzu sautin bai yi mini daɗi ba.

To ka cire iyafis ɗin ka sa na wani ka ji. Sau da yawa a nan matsalar take. Tazarar da ke tsakanin iyafis na bakin titi da mai ɗan kyau ta ninka tazarar 128 da 320 nesa ba kusa ba, kuma 'yar sifikar da ba ta kai tafin hannu ba ba za ta fitar da kaurin ganga ba ko da FLAC ka ba ta. Duba robar bakin iyafis ɗin ko ta toshe kunne da kyau, domin in iska tana shiga kaurin sauti yana zurarewa. Duba ragar ko datti ya like ta. Shiga saitin na'urar ka kashe duk wani ƙarin bes da aka kunna, ka mai da ikwalaiza daidai, ka sake saurare. In batir ya yi ƙasa, wasu ƙananan sifikoki sukan fara kakarin sauti tun kafin su mutu, sai ka caja ta cika kafin ka yanke wa fayil ɗin hukunci.